Gaɓɓan Gimbiya

Litinin, 2 ga Afrilu 2007, bayan La'asar

Da zare na ɗaure alƙalamin nan ga yatsana kafin in iya rubutu. Ni Ummul-Khairi, da ke koya wa matan Badagishiri karatu da rubutu, yau ko alli ban iya riƙewa.

Jiya na iso Ƙonni, gidan Yaya Abdulwahab. Ɗiyata ta fari, wadda muke ce wa Gimbiya, na baro ta wurin kakarta ta wajen uba saboda lakwal, makarantar boko. Ubanta Munkaila yana bisa hanyar Kumasi da lodin albasa.

Da safe Yaya ya kai ni wurin Dokta Isufu. Ya kama hannuna yana latsawa gaɓa-gaɓa, ina cije leɓe.

"Malama, wanga ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba," in ji shi. "Garkuwar jikinki ce ta ruɗe, tana faɗa da gaɓɓanki sai ka ce baƙi ne."

Na ce, "To wa zai raba?"

Ya yi murmushi. Ya ce akwai ƙwaya ta mako-mako, amma tana jinkirin kamawa. Ƙwayoyin kwantar da kumburi kuwa cikina ya ƙi su, amai nake yi. Don haka zai sa a riƙa yi mani wata allura na ɗan lokaci. Peptid ya kira ta. Wai ɗan guntun furotin ne, an kwaikwayo wani saƙo da ƙwaƙwalwa ke aikawa ƙasa, zuwa wasu ƴan halittu da ke bisa ƙoda, su fiddo maganin kumburi na jikin mutum da kansa. Ya gargaɗe ni: ban da gishiri, za a riƙa auna tansiyo don gudun hawan jini, barci na iya gudu, kuma kwalaben ba su son zafi, sai cikin firigo.

Badagishiri ba mu da firigo. Yaya yana da shi a shagonsa na lemu. Shi ya sa nake nan.

Dokta ya tambaya ko akwai mai irin ciwon a gidanmu. Yaya ya dube ni, na dubi bango.

Talata, 3 ga Afrilu, da hantsi

An yi ta farko. Majo, ma'aikacin jinyar da ke yin allurar, ya zaunar da ni bisa benci ya tsare ni wani lokaci, wai ko jiki zai yi gardama. Bai yi ba.

Alhamis, 5 ga Afrilu, bayan Asuba

Na matse tsumma!

Na tashi in yi alwala, na ɗauki buta da hannu guda ban sani ba, sai da na ajiye ta. Na koma na sake ɗauka. Na ɗaura zanena da kaina, na matse tsumman wanke-wanke har ya daina ɗiga. Jummai, matar Yaya, ta fito ta ishe ni ina dariya ni kaɗai gindin randa.

"Lafiya, Ummu?"

Na miƙa mata hannu na ce, "Kama." Na matse yatsunta har ta yi ƙara.

Sai dai ban runtsa ba. Na share tsakar gida, na share zaure, na sake share tsakar gida. Jikina kamar an zuba mani tururuwa a jini.

Asabar, 7 ga Afrilu, bayan Magariba

Gimbiya ta zo hutu. Motar kasuwa ta sauke ta a tasha, kabu-kabu ya kawo ta. Ta yi tsawo, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a taƙaice na kau da kai, kamar yadda uwa ke yi da ɗan fari gaban mutane. Jummai ce ta rungume ta tana juya ta.

Na lura da yadda ta tashi daga durƙuson.

Zaman mota ne. Hanyar Malbaza duk rami.

Lahadi, 8 ga Afrilu, da Azahar

Ba komai ba ne.

Talata, 10 ga Afrilu, da yamma

An yi wata allurar. Hannuna sai godiya, zoben aurena ya koma yatsa. Amma na yi wa Jummai faɗa a kan miya. Ta dafa mani tawa daban, ba gishiri, yadda Dokta ya ce, ni kuwa na ture kwanon na ce an mai da ni akuya. Matar da ke wanke mani kaya tun zuwana. Ta ɗauke kwanon, ta ce, "Allurar ce ke magana, ba ke ba," ta shige madafa.

Na fita ba tare da na san inda za ni ba. Na bi titi har duwan, wurin ƴan kwastan, na tsaya ina kallon manyan motoci jere, masu canji suna kaɗa naira, rana na dukan ka. Na komo ta bayan kasuwa. Ƙafafuna ba su gaji ba. Ina ma sun gaji.

Na ishe Gimbiya zaune tana sallar La'asar. Zaune.

Alhamis, 12 ga Afrilu, da safe

Jiya gwiwa ce. Yau ƙyalle ne ɗaure ga wuyan hannun yarinyar.

Na ce, "Ke, mi ya samu hannun?"

"Faɗuwa na yi a lakwal, Mama. Wajen wasa."

"Yaushe?"

"Da daɗewa."

Ta ja hannun ta ɓoye ƙarƙashin gyale. Ban ƙara tambaya ba. Munka ci gaba da tsince shinkafa, tana tsinta da hagu.

Asabar, 14 ga Afrilu, bayan Azahar

An ɗauke wuta tun safe. Zafi kamar a bakin murhu. Yaya ya tada injin shago saboda kwalabena, na san man da yake ƙonawa ya fi ribar lemun. Sau nawa na je na buɗe firigon nan in taɓa kwalin, har Yaya ya ce, "Ƙanwata, in kina buɗewa sanyin zai gudu, ki bar shi shi yi aikinsa."

Ina tsaye gaban firigon sai Tajaye, garin da anka haife ni, ta faɗo mani a rai.

Ban so in rubuta Inna, mahaifiyata. To, zan rubuta kaɗan. Yatsunta sun karkace gefe guda kamar tushen gero da iska ta kwantar. Ni ke ba ta tuwo a baki ina ƴar yarinya. An kai ta wurin mai tsaga, an kai ta wurin mai turare, an shafa mata duk abin da anka ce a shafa. Ba wanda ya taɓa ce muna ga sunan ciwon. A bakin rijiya mata kan yi shiru in na iso, in na juya su ce, "Ɗiyar mai hannu ce." Shekarar da ta rasu ko ƙuda ba ta iya korewa daga fuskarta.

Ni na samu allura. Inna ba ta samu ba.

Ya isa.

Lahadi, 15 ga Afrilu, da La'asar

Munkaila ya kira wayar Yaya daga Kumasi. Albasa ta yi daraja, wata taya ta fashe masa a hanya, zai jira lodin komowa. Na ce hannuna ya buɗe, ya yi ta hamdala har muryarsa na rawa.

"Gimbiya fa?"

"Tana nan."

"Lafiya lau?"

"Tana gaishe ka."

Litinin, 16 ga Afrilu, bayan Azahar

Dokta ya auna tansiyo ya ɓata fuska. Ya hau. Fuskata ma ta yi fam kamar wainar da ta ji yis, Jummai ta ce na yi kyau, madubi bai ce haka ba. Zai rage allurar, a riƙa nisanta tsakani, har a daina.

Na ce, "Dokta, yanzu da na samu hannuna?"

"Gada ce, Malama, ba gida ba. In kinka zauna bisanta, ƙashinki da jininki za su biya. Ƙwayar mako-mako ta kusa karɓar aikin."

Na tashi har na kai ƙofa, sai na juyo.

"Ana gadonsa?"

Ya ajiye biro. "Yakan bi jini wani lokaci, amma ba dole ba ne. Don wa kike tambaya?"

"Don sani kawai."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce zai tafi Yamai ranar Laraba, sai Litinin shi komo, in akwai wanda ya kamata shi gani, gobe ma rana ce. Na ce ba kowa.

Talata, 17 ga Afrilu, da Magariba

Ba kowa. Haka na ce.

In an kai ta, za a rubuta. In an rubuta, ya tabbata. Kakarta za ta ji, Badagishiri za ta ji, a bakin famfo a fara yin shiru in ta iso.

Laraba, 18 ga Afrilu, da hantsi

Yau idon sawun yarinyar ne. Jikinta da zafi. Jummai ta ce zazzaɓin sauro ne, ta sayo magani. Dokta ya tafi.

Alhamis, 19 ga Afrilu, bayan La'asar

Na zaga unguwa sau biyu. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na kwance kitso na sake.

Na kalli majo da kyau duk lokacin da yake yi mani. Ba wani abu ba ne mai wuya. A girgiza kwalba, a fasa wuyanta, a zuƙa, a fidda iska.

Na bi ta wajen mai teburin magani a bakin tasha. Na sayi abu guda.

Juma'a, 20 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci



Maza sun tafi masallaci, Yaya ya bar makullin shago inda yake bari. Na ɗauko kwalba guda daga firigo, na zuƙa a sirinjin da na sayo jiya. Yarinyar tana kwance a ɗakina, fuska ga bango. Na ce ta juya, za ta ji sauƙi cikin kwana biyu, kamar yadda na ji. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta janye zane da kanta. Wannan ne abin da ya fi damuna, ba ta tambaya ba.

Ban ji shigowar Jummai ba. Sai dai na ji an riƙe mani wuyan hannu ta baya.

"Ummu. Ba ni."

"Sake ni, Jummai. Rabona ne, na ba ta."

"Ba ni, na ce."

"Ke ba ki ga Inna ba!"

"Ban gan ta ba. Amma na ga majo yana tsare ki bisa benci bayan ta farko. Wa zai tsare wagga in jikinta ya yi gardama? Ke? Ni?"

Na buɗe yatsuna. Ta karɓa, ta fita, na ji ta zuba a makwarara ta bi da ruwan buta. Ta komo ta rufe wa yarinyar jiki, ta zauna ƙasa kusa da ni, ta jingina da gado. Nan munka zauna har liman ya sallame.

Asabar, 21 ga Afrilu, da safe

Jummai ba ta gaya wa Yaya ba. Makullin dai ya koma ɗaurin zanenta.

Lahadi, 22 ga Afrilu, bayan Azahar

Litinin ta ƙi zuwa.

Na jiƙa tsumma ina goga mata a goshi. Gwiwar da ta fara ta saɓe, yanzu gwiwar hannu ce ta kumbura, ja, da zafi, ko zane ba ta so shi taɓa. Nawa bai taɓa yawo haka ba. Nawa inda ya sauka nan yake zama, hannu biyu lokaci guda. Ban san ko wannan alheri ba ne.

"Mama."

"Na'am."

"Tun a gida ya fara. Ban gaya wa Kaka ba."

"Don mi?"

"Na ji tana ce wa maƙwabta jinin gidanku ne bai da kyau."

Na ci gaba da goga tsumman.

"Ke ma na ɓoye maki don kar ki ce ke kinka ba ni."

Na ce ta yi shiru ta huta. Na fita bayan ɗaki, inda Jummai ke ɗaure tumaki, na tsaya can har fuskata ta bushe.

Litinin, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

Munka kai ta, ni da Jummai, a bayan motar wani abokin Yaya. Dokta Isufu ya gan mu, ya gan ta, bai ce "ai na tambaye ki" ba. Ya duba gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wacce ta fara, wacce ta biyo. Sannan ya ce, "Ƴan mata, kin yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?"

Ta ce ta yi, kafin hutu, har haɗiyar yawu ta gagare ta, kakarta ta ba ta jiƙo ya wuce.

Ban sani ba. Ina can ina kukan yatsuna.

Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta. Ya daɗe. Ya matsar da shi ƙarƙashin nono, ya sa ta kwanta ta gefen hagu, ya rufe ido. Ban taɓa ganin sauraro mai tsawo haka ba. Ya sa anka ɗibi jini.

Jummai ta fita da ita. Na zauna na gaya masa abin ranar Juma'a, a gajarce, idona a ƙasa. Ya cire tabarau ya goge.

"Da kin yi, wataƙila kumburin shi kwanta," in ji shi. "Ki ce ta warke, ku koma gida da murna, ba wanda zai saurari zuciyarta. Maganin da ya ba ki hannu ba na kowane kumburi ba ne, Malama. Ki gode wa matar yayanki."

Na ce, "Zuciyarta?"

"Bari jini shi fito."

Talata, 24 ga Afrilu, da hantsi

Na share gidan nan har tsintsiya ta ƙare.

Alhamis, 26 ga Afrilu, bayan Azahar

Ba irin nawa ba ne.

Dokta ya faɗa, na sa ya sake faɗa. Ba irin nawa ba ne, ba irin na Inna ba. Ƙwayar cutar maƙogwaro ce ta shiga, garkuwar jiki ta tashi faɗa da ita, sai ta zarce ta bugi gaɓɓai. Gaɓɓan za su saɓe sarai, yatsunta ba za su karkace ba.

Na ji wani sanyi ya sauko mani tun daga ka har tafin ƙafa. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har majo ya leƙo.

Dokta bai yi murmushi ba. Ya bari na gama. Sannan ya ce faɗan ya taɓa wata ƙofa cikin zuciyarta, yana jin ƙarar jini na komawa baya kaɗan. Sai an kai ta Yamai an duba da na'ura a san girman abin. Za a riƙa yi mata allurar penisilin wata-wata, shekaru, ba fashi, don in ciwon maƙogwaron ya komo, kowace komowa ƙofar za ta ƙara lalacewa. Lakwal sai ta huta. Ba daka, ba ɗaukar ruwa.

Ni da na yi hamdala. Hannu nake tsoro, duk kwanakin nan hannu nake kallo, abin yana ƙirji.

An yi mata ta farko. Tana da kauri, tana da zafi, ta ƙanƙame hannun Jummai ta yi ƙara. Na tsaya bakin ƙofa. Sai na ce kunyar ɗan fari ta jira ni waje, na shiga na ɗora kanta a cinyata gaban kowa.

Juma'a, 27 ga Afrilu, da Magariba

Na gaya wa Munkaila. Duka, har da sirinjin. Ya ce ba zai jira lodi ba, zai taso da mota wayam, shi same mu a Yamai. Game da maganar uwarsa ya ce in bar masa.

Litinin, 30 ga Afrilu, bayan Asuba

Yatsuna sun fara tauri da safe tunda anka nisanta allurar. Ba kamar da ba. Sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su saki. Dokta ya ce a ba ƙwayar lokaci. Na ce to. Jiya na yi barci, na farko mai nauyi tun zuwana, har Jummai ta tashe ni salla.

Laraba, 2 ga Mayu, da hantsi, cikin mota

An tsaya Dogonduci shan ruwa, ina rubutu bisa gwiwa. Yaya ya kama muna kujerun gaba don kar ta sha girgiza. Zazzaɓin ya sauka, gwiwar hannun ta saɓe. Gobe za a duba zuciyar. Ban san abin da na'urar za ta nuna ba.

Tun Ƙonni kanta jingine yake da gilashi. Ɗazu da mutane sunka sauka ta ce, ba ta dube ni ba:

"Mama, in faɗi wani abu ba za ki ji haushi ba?"

"Faɗi."

"Da ya ce ba irin naki ba ne, daɗi na ji. Ko da ya yi maganar zuciya, daɗin bai tafi ba." Muryarta ta karye. "Ina kallon hannunki ina jin daɗi. Ki yafe mani."

Na juyo da fuskarta da yatsun nan nawa masu tauri.

"Ke, dube ni. Ni har majo ya ji tawa hamdalar. Ki ji daɗinki, da ƙarfi ma. Abin da na roƙa ke nan tun kina cikin zanen goyo."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, majina na zuba, ta goge da gefen gyalena ba tare da ta nemi izini ba. Sai ta ce yunwa take ji. Yunwa! Yarinyar da ake lallashi da cokali.

Na leƙa taga na kira mai tsire, na kira mai ƙwai, na kira mai mangwaro, duk a tare. Direba yana ta oda, ni ko a jikina. Ta cinye nata tana lasar yaji, yanzu ta sa hannu cikin nawa.

Mota ta tashi. Zan ajiye alƙalami in ɓare mata ƙwan.